Watandar Muryar Baba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan yake nufi. Babana bai taɓa kama sunana ba. Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce irin ta mutanen da, wadda ta hana uba ya ambaci ɗansa na fari ko ya zauna hira da shi. In yana son a kira ni sai ya ce a kira masa "waccan". Da aka kai ni gidan miji a Bakura sai na samu ƙarin girma, na koma "mutanen Bakura". In na je gida Talata Mafara na durƙusa gaishe shi, zai amsa yana kallon tabarma, ya tambayi gajiya, ya tambayi hanya, ya tambayi maigidana da yara da ruwan bana, gaisuwa doguwa kamar ba za ta ƙare ba, amma babu inda ni kaina na fito a cikinta. Ƙannena uku kuwa suna zama da shi su yi ta hira har da ƙyaƙyata dariya, ina jiyo su daga ɗakin Inna. Na saba da hakan, amma ban ce ba ya yi mini zafi ba.

Baba mahauci ne, ɗan mahauci, jikan mahauci. Abin da aka fi saninsa da shi a unguwarmu shi ne rabon watanda. In salla ta matso, mutane su haɗa hannu su sayi sa, shi ake kira ya yanka ya kasa. Zai shimfiɗa buhuna a ƙasa, ya bi kowane kashi ya sa masa tsoka, ya sa ƙashi, ya sa hanta da tumbi da ɗan kitse, har sai ka rasa wanda za ka ce ya fi wani. Kowa ya ɗauki nasa ya nufi gida, matarsa ta ɗora tukunya, ba ruwansa da kason maƙwabcinsa. Ƙanena mai bi mini shi ya gaji wuƙar, ya gaji hannun rabon, ya kuma ɗora da taurin kai wanda ban san inda ya samo shi ba. Ƙanwata tana aure a Garbadu. Autanmu yana Maradun, yana bin wani ubangidansa fataucin shanu.

Da ƙafafun Baba suka daina ɗaukarsa, ya koma zaman ɗaki, sai auta ya sayo masa waya babba don ya riƙa sauraren karatu. Shi ya nuna masa inda ake dannawa a naɗi murya. Ashe abin ya shiga ran tsohon. In an yi sallar hantsi gida ya yi shiru, sai ya jingina da bango ya danna, ya yi ta magana shi kaɗai. Ya ba da labarin hanyoyin shanu na da, ya jero kakanninsa, ya yi kirarin mahauta, ya yi addu'o'i. Ya hana kowa saurare, ya ce a bari sai ya kau. Wata rana da na je duba shi, Inna ta ja ni bayan ɗaki ta raɗa mini cewa a cikin maganganun nan akwai wadda ya yi mini ni kaɗai, mai tsawo, kuma ya kama sunana. Na koma Bakura a ranar ina jin kamar an yi mini bushara da kujerar Makka.

Baba ya rasu cikin damina. Bayan an yi addu'a jama'a sun watse, dole na koma bakin aiki, don ina koyarwa a firamare. Inna ta shiga takaba, ba ta ko ɗaga kai. Kafin in hau mota na kira ƙanena mai bi mini gefe, na ce masa ya adana wayar Baba kada kowa ya taɓa ta, in an yi hutu zan zo mu zauna mu huɗu mu saurara tare. Ya ce to Yaya, har da sunkuyar da kai. Na san irin wannan "to" ɗin nasa tun yana rarrafe. To ce ta wanda ya riga ya yanke abin da zai yi.

Hutu bai zo ba sai ga direban motar Mafara ya tsaya ƙofar makarantarmu da ƙullin leda. Kilishi ne a ciki, da wata 'yar takarda da aka nannaɗe da zare. Na warware, sai ga mimori, katin nan da ake sa wa a waya, ɗan ƙarami kamar farcen jariri. Ban gama juya shi ba waya ta yi ƙara, ƙanena ne, muryarsa cike da alfahari.

"Yaya, saƙo ya ishe ki? Na raba muna muryar Baba kashi huɗu, daidai wa daida. Ba wanda anka cuta. Ko ku mata ban rage maku komi ba, kai ɗaya niy yi da kowa."

Wai har da gori, bai ba maza kashi biyu ba. Na ce ai na ce a jira ni. Ya ce gado ba ya son jinkiri. Raina ya sosu, amma na danne, don a zatona ya dai rarraba maganganun ne, wannan ya samu labarin shanu, wancan ya samu addu'a, in mun haɗu mu yi musaya. Fatana dai a ce tawa tana cikin nawa.

Na koma gida na sa mimorin a waya. Abu ɗaya tak na gani a ciki, mai wani suna da ya ƙare da lamba ɗaya. Na danna, waya ta ce ba ta san shi ba. Na sa a tsohuwar kwamfutar da nake buga tambayoyin jarrabawa, ita ma ta yi mini kallon baƙo. Iyakar sanina da kwamfuta ke nan, in buga rubutu in adana. Washegari na kai wa wata malama abokiyar aikina da ta fi ni gogewa da waɗannan abubuwa. Tana gani ta ce matsattsen fayil ne, irin wanda ake kira zif, sai an warware shi. Ta miƙa hannu za ta danna, na riƙe ta. Na ce ba za a yi gwaji da muryar ubana ba, ta koya mini tun daga tushe da wani abin da ba na tsoron rasawa.

Da hotunan yarana muka fara. Ta sa na tara su cikin folda ɗaya, na ɗora kibiya a kanta na danna ɓangaren dama na linzamin kwamfutar, jerin zaɓi ya fito, na zaɓi wanda ke matsewa. Nan take wani sabon fayil ya ɓullo gefen foldar. Ta ce in ɗauka tufafi ne na cusa a buhu na danne na ɗaure baki, don ya yi sauƙin ɗauka ya kuma rage cin wuri. In an kai inda za a kai, sai a sake danna dama a kansa, a zaɓi warwarewa, a nuna masa inda zai zube kayan. Na yi hakan, hotuna suka fito cif, ba wanda ya yi ciwon kai. Na maimaita har hannuna ya saba. Wani abu kuma da na lura da shi, wanda ya tsaya mini a rai, shi ne hotunan na asali suna nan inda suke. An ƙulla ƙulli, amma ba a ɗauke komai daga ko'ina ba. Na kwafi ƙullin na sa a wayata, na sa a tata, kowanne cikakke ne.

Sai muka zo kan lambar nan da ke ƙarshen sunan nawa fayil ɗin. Malamar ta yi jim, ta ce wannan alama ce ta cewa an ƙulla ƙullin sannan aka datsa shi gida-gida, nawa shi ne yanki na farko. Ta saukar da wata manhaja ta nuna mini wurin da ake rubuta girman da ake son kowane yanki ya kasance. Muka datsa hotunan yarana gida huɗu. Da huɗun suna wuri ɗaya, na danna na farko, komai ya warware lafiya. Ta ce to in cire ɗaya in gani. Na cire na ƙarshe na danna. Wani ɗan akwati ya fito da jan rubutu, ya ce ba zai iya buɗewa ba. Ko hoto ɗaya bai ba ni ba. Na mayar da shi, ya buɗe. Na sake cirewa, ya ƙi. A nan gabana ya faɗi, na gane abin da yaron nan ya aikata. Yaro nake ce masa ko da yana da furfura a gemu, don ni na goya shi.

Ranar Talata na nemi izini na hau motar Mafara. Ban nufi gida ba, kai tsaye na shiga kasuwa na nemi shagon da ƙanena ya kai wayar, irin shagunan nan da ake tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi. Mai shagon magidanci ne, ba yaro ba, balle in ce ƙuruciya ce. Na daure na yi masa gaisuwa cikakkiya kamar yadda aka koya mini, sannan na ajiye mimorin gabansa na tambaye shi ko ya tuna mahaucin da ya zo da kati huɗu. Ya ce ya tuna sarai, ai ba a manta irinsa. Wai ya zo ya zube katunan a kan tebur ya ce a raba masa abin da ke cikin wayar kashi huɗu, kada wani ya ɗara wani ko da ƙwayar gero. Shi kuma ya duba ya ga maganganun ba tsawonsu ɗaya ba, wata gajera wata doguwa.

"Hajiya, na hwaɗa mai. Nic ce bari in zuba ma kowane kati duka, wuri ya isa. Yac ce a'a, shi rabo yaz zaka yi, ba wasa ba."

Da ya ga ba zai ji ba, sai ya ce masa akwai hanyar da za a curo su wuri ɗaya a datsa huɗu daidai. Ƙanena ya washe baki ya ce yauwa, haka ake aiki. Mai shago ya rantse mini cewa ya gaya masa ba mai buɗuwa sai an haɗa su duka, shi kuma ya ce ya ji. Na tambaye shi ko ya bar kwafi a kwamfutarsa. Ya ce ina, shi kullum sharewa yake yi don wuri, kuma tun daga lokacin an zuba finafinai sun fi a ƙirga. Na ce masa da likita ne shi, mutum ya zo ya ce a yanke masa lafiyayyar ƙafa, yankewa zai yi tunda mai ƙafa ya ce? Ya ce shi dai ɗan kasuwa ne, abin da aka ce ya yi shi ya yi. Na bar shagon kafin bakina ya ja mini abin da zan yi istigfari a kansa.

Na iske ƙanena a rumfarsa yana sara ƙashi a kan kututture, ƙudaje na ta shawagi. Da ya hango ni ya saki gatari ya taho da fara'a, ya soma jero gaisuwa. Na amsa biyu na yanke sauran, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Na ce me ya hana ya bari a zuba wa kowa duka. Ya dube ni da idon nan na mai gaskiya, ba alamar wasa a fuskarsa, ya ce:

"Haba Yaya. To in anka ba ki duka, mu mi za mu samu?"

Wannan tambaya ita ta fi komai ƙona mini rai, har yau in na tuna ta sai na ji wuyana ya ɗau zafi. Ba mugunta ya yi ba, da mugunta ce da na san yadda zan yi da shi. Mutum ne da tun yana ɗan shekara bakwai abin da ya sani shi ne in ka ba wani cinya, to kai ba ka da cinya. Bai taɓa ganin abin da za a ba mutum huɗu kowa ya samu cikakke ba, kuma da aka gaya masa akwai, sai ya ɗauka wayon 'yan kasuwa ne. Na ce masa murya ba sa ba ce. Na ce kai da kake tura wa abokanka wa'azi a waya, in ka tura naka gogewa yake yi? Ya ce wannan ai wa'azi ne, na Baba kuwa gado ne. Na ce to mai shago bai gaya maka sai an haɗa huɗun suke buɗewa ba? Ya sosa ƙeya ya ce ya faɗi wani abu mai kama da haka, amma shi a saninsa kowane kaso da kansa yake dafuwa. Shi nasa ma bai ko gwada ba, yana jira zuciyarsa ta yi ƙarfi tukuna. Bai gaya wa ko ɗayanmu gargaɗin ba, don bai ga abin faɗa a ciki ba.

Na ce to ba ni wayar Baba, a bar maganar katuna. Nan ya soma kallon ƙasa. Ashe tun a shagon ya sa aka wanke ta tas, don a cewarsa an riga an kwashe abin da ke ciki an raba, me za a bari a cikin fata bayan an fitar da nama? Ya ba ladanin masallacin unguwa ita sadaka, don ladan sadakar ya isa ga Baba. Na je har gidan ladan, dattijon kirki, ya miƙo mini ita ba musu. Cike take maƙil da karatu da tafsiri, ba ko tari ɗaya na ubana a ciki. Na mayar masa na yi godiya, don shi ba shi da laifi.

Saura hanya ɗaya ke nan, a haɗa huɗun. Ƙanena ya ciro nasa daga cikin naɗin hularsa ya ba ni, yana cewa in yi a hankali da shi, kamar ni ce mai ɓarna. Na hau babur zuwa Garbadu. Ƙanwata, Allah ya yi mata albarka, da nata ya ƙi buɗewa ba ta yi karambani ba. Ta ce tunda na Baba ne ko bai yi magana ba tana so, sai ta naɗe shi a tsumma ta sa a ƙasan kwallar da take ajiye kayan aurenta. Ta ɗauko mini tana hawaye, ta ce in an buɗe a kira ta ko tana tsakiyar gona. Na koma da uku a ƙulle a bakin zanena, zuciyata ta ɗan yi sanyi.

Ƙanena da tsarinsa, ashe bin haihuwa ya yi wajen rabon. Ni na farko, shi na biyu, ta Garbadu na uku, auta na huɗu. Na yi ta kiran auta waya ba ta shiga, in ta shiga kuma sai ya ce suna daji da shanu, zai kira. Na ce masa ko me yake yi kada ya taɓa katin nan, ya ce to, da wata irin murya da ban so ba. Maigidana ya ce in haƙura har yaron ya zo da kansa, hanyar Maradun ba a shiga ta don nishaɗi a wannan zamani. Na ce in dai ba ɗaure ni zai yi ba, gobe ina hanya. Ya san halina, ya raka ni tasha.

Na sami auta a gidan ubangidansa, ya fito yana murmushin da bai kai ido ba. Na buɗe kwamfutata a kan tabarmar zaure na ce ya kawo. Ya daɗe yana laluben aljihu, sannan ya ɓalle bayan wayarsa ya ciro katin daga ciki. Tun daga nan jikina ya ba ni. Na sa shi a kwamfuta, sai ga bidiyon dambe jere reras, daga sama har ƙasa. Ƙarti sun naɗe hannu da zare suna kai wa juna naushi, makaɗa na zuga su. Na gangara har ƙarshe ina neman mai lamba huɗu, babu.

"Wallahi Yaya na zaci katin ya lalace na. Na danna, na danna, ya ƙi. Sai wani abokina yac ce in wanke shi, zai gyaru."

Ya kuwa gyaru, ga shi nan yana ta dambe. Ban mare shi ba, ko da yake hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na tambaye shi ko a lokacin da ya ga ya ƙi buɗewa, yatsansa ya karye ne da bai kira ni ba, ko bai kira wanda ya aiko masa ba? Ya ce kunya ya ji a ce shi da ya saya wa Baba wayar shi ne bai iya buɗe abu ba. Sai ya fashe da kuka, ƙato da shi, a zauren mutane. Ban rarrashe shi ba. Na ce ya yi da kyau, ya ajiye wani don gobe, don ni nawa ban ma fara ba.

Ban saduda nan da nan ba. Malamar nan ta ce wani lokaci akan iya tono abin da aka goge, in ba a zuba wani abu a kansa ba. Muka gwada da manhajar tono, muka kai wa wani mai gyara shi ma ya gwada. Abin da ya fito tsofaffin damben da auta ya goge ne don ya samu wurin sababbi. Ya cika katin har wuya, ya share, ya sake cikawa. Na ce to a buɗe mini ukun da ke hannu, ko kashi uku cikin huɗu na maganar in ji, na yafe sauran. Aka ce irin ƙullin da mai shago ya yi ba ya yarda da haka. Ya cakuɗa maganganun ne wuri ɗaya, kuma bayanin yadda za a warware su yana can a yanki na ƙarshe. Da na biyu ne ko na uku ya ɓata, wataƙila a tsira da wani abu. Na auta ne ya ɓata, na wanda ya fi kowa gaggawa a gidanmu. Wani abin takaicin kuma, malamar ta ce murya da aka naɗa a waya ba ta wani matsuwa sosai, don haka ko wurin kirki matsewar ba ta rage ba. Garin neman gira aka rasa ido, kuma girar ma ba a samu ba.

Dangi suka yi ta zuwa ba ni haƙuri, wai ƙaddara ce, wai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na sani, ban ce zan yar da kowa ba. Muna gaisawa da su, ina zuwa sunan 'ya'yansu. Amma kada wanda ya ce mini in daina jin haushi, don ba su san abin da aka datsa ba. Su ukun sun sha hira da Baba har sun ƙoshi, kowannensu ya ji sunansa a bakinsa safe da yamma, ya ji shi cikin faɗa ya ji shi cikin wasa. Abin da suka rasa ƙari ne. Ni kuwa shi ke nan mini, guda ɗaya, kuma na jira shi tun ina 'yar mitsitsiya ina leƙen zaure. Da salla ta zo ƙanena ya aiko mini da kason watanda har da ƙarin hanta. Na ba maƙwabta, don na san in na ci ba zai wuce mini maƙogwaro ba.

Da Inna ta fita takaba na je na zauna kusa da ita, na bari sai da muka rage mu biyu a ɗaki. Na ce tunda ita ta ji lokacin da yake yi mini maganar, ta gaya mini abin da ya ce, ko kaɗan ne, ko ba da irin kalmominsa ba. Ita ma fa ba ta taɓa kama sunana ba, ni ce 'yar farinta kamar yadda nake tasa.

"Ina ɗakin ina ninke mai riguna. Da nij ji ya kama sunanki, sai nit tashi niy yi waje. Ba ya kyautuwa in tsaya."

Ta ce ta zauna a tsakar gida ta tsince shinkafa, ta wanke, ta ɗora, har ta tafasa yana ciki yana magana. Iyakar abin da ta sani ke nan. Na ce to yaya ya faɗi sunan, cikakke ya faɗa ko irin yadda ƙannena ke gutsure shi? Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta ce in tambaye ta wani abin.

Yanzu na iya matse fayil, na iya warwarewa, har malamai na kawo mini nasu in yi musu. Duk wanda na koya wa sai na sa shi ya kwafi abinsa cikakke ya ajiye a wuri biyu kafin ya taɓa komai, in ya yi mini gardama in rufe kwamfutar in ce ya tashi. Yankuna ukun nan kuwa na kwafe su a waya, na kwafe a kwamfuta, na mayar wa kowa katinsa. Wani lokaci in na gama buga tambayoyin jarrabawa sai in buɗe foldar in danna na farkon, in kalli jan rubutun ya fito, in rufe. Ni ce ta fari, kuma Baba mutum ne mai bin tsari, ba mamaki da ni ya fara. In haka ne, sunana yana cikin kason da ƙanena ya aiko mini, a hannuna, daidai wa daida da na kowa.